Kafin ki sake ɗaukar almakashi

Wasiƙar wannan makon daga Gwammaja ta fito. Na rage mata tsawo, amma maganar mai ita ce:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata huɗu da aure, 'ya'yana biyu. Tun da aka kawo ni gidan nan yayar maigidana ce take mini ɗinki, don tela ce, shagonta yana zauren gidansu. Ba na ƙin biya, amma kaya sai su yi wata biyu a wajenta, in sun dawo kuma ko rigar ta kama ni a hammata ko siket ya yi mini buhu, kuma ba damar magana. Ƙaramar Sallar da ta wuce da tsofaffin kaya na je gaida Hajiya. Ina da keken ɗinki Butterfly na ƙafa da na gada wajen mahaifiyata. Da abin ya ishe ni sai na ɗauko atamfar da ta fi kowace tsada a lefena, wadda nake ta adanawa tun biki, na kalli bidiyo a waya, na yanka riga da siket. Siket ya ƙi wuce cinyata, wuyan rigar kuma zamewa yake har kafaɗa. Maigida ya ce in rufe keken nan in daina ɓarna. Labari ya kai kunnen Yaya, yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. In haƙura ne, ko akwai hanya? Ni burina kawai in riƙa ɗinka 'yan rigunana da siket na zaman gida da na shiga unguwa."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan Mama, ya kai haske kabarinta.

Kada ki rufe keken. Abin da kike nema ba wani abin a zo a gani ba ne, mata da yawa a cikin garin nan suna yin sa a tsakar gida, tukunya na kan wuta, goyo na baya. Sai dai zan gaya miki abin da ba lallai ki so ji ba: fushi ne ya riƙe almakashin nan ranar da kika yanka atamfar lefe. Mai koyo da hankalinta yake kwance ba za ta buɗe akwati ta zaɓo mafi tsada don gwajin farko ba. So kika yi ki saka ta ki shiga gidan su Yaya, a tambaye ki wa ya ɗinka, ki ce ke ce. Na san wannan zuciyar, don na taɓa yin irinta.

Ina 'yar budurwa na yanka wata atamfar Innarmu mai zanen tsuntsaye. Gaban siket ya fito tsaf, amma a baya duk tsuntsayen kansu ƙasa, ƙafafu sama, kamar an rataye su za a fige. Inna ba ta doke ni ba. Cewa ta yi in saka, ta miƙo mini kuɗin cefane, ta aike ni Kasuwar Rimi. Tun daga ranar ban ƙara sa almakashi a jikin yadi ba sai na shimfiɗa shi na zagaye shi na ga inda kan zanen yake kallo.

Mu fara da Yaya, don ɗinkin da ya fi gaggawa ke nan.

Ba zan wanke ta ba. Riƙe kayan mutum wata biyu, har a bar shi ya yi Sallah da tsohon kaya, ba daidai ba ne. Amma ki san yadda shagon tela yake tafiya. Daga tsakiyar Sha'aban har daren Sallah, kusan kowane tela a Kano yana karɓar abin da ya fi ƙarfinsa, kuma in lokaci ya ƙure kayan wanda zai zo ya tsaya a ƙofar shago yana ɗaga murya ake fara ɗauka. Kayan 'yan gida su ne a ƙasan tari, don an san ba za su yi faɗa ba. Kunyarki ce ta kai atamfarki ƙasa. Sa'annan ga tambayar da nake so ki amsa wa kanki: yaushe rabon da ta ɗora miki tef? Ina kyautata zaton awon amarci ne har yanzu a littafinta. Haihuwa biyu ta sauya miki ƙirji da damtse, shi ya sa hammata take kamawa. Ita kuma ta ga kin ƙara jiki, sai ta ƙara wa siket faɗi da ka, ya fito buhu. Ke kina jin nauyin cewa a sake awo, ita tana sauri, an tafi a haka shekara huɗu.

Abin da ya ɓata mata rai kuwa, ba na jin kuɗin ɗinkin da za ta rasa ne. A bakin wani ta ji cewa matar ƙaninta ta gwammace ta lalata atamfar lefe da ta kawo mata. A cikin dangi wannan magana ce mai nauyi, fassararta ita ce kin raina hannunta. To ki je da ƙafarki. Ki zaɓi lokacin da shago ya yi sauƙi, ba ana rububin biki ba, ba kuma cikin azumi ba. Ki tafi da 'yar tsarabarki, ki saka siket ɗin nan da ya ƙi shiga a leda, ki ajiye a gabanta ki ce, "Yaya, ga abin da ƙanwarki ta aikata. Ashe abin nan da kike yi ba wasa ba ne. Don Allah nuna mini inda na kauce." Ki bar ta ta yi dariya, ki bar ta ta yi faɗa in ta so. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da wuya ki sami mai sana'ar da za a nuna masa aikin da ya lalace, a yarda shi ne gwani, ya iya kame bakinsa bai yi gyara ba. Da zarar ta ɗauki tef ta ce "ai nan ne kika rage", gaisuwa ta dawo. Ranar kada ki tayar da zancen Sallah. In ta ƙi koya miki ma ba ki yi asara ba, kin cire ƙayar, sai ki nemi wata maƙwabciya mai ɗinki ki riƙa zama kusa da ita.

Maigida kuma kada ki ja da shi. Kuɗinsa ya gani a yayyanke a ƙasa, kuma tsakanin matarsa da yayarsa yake tsaye, ba wurin tsayuwa mai daɗi ba ne. Ki ba shi haƙuri, ki yi masa alkawari guda wanda zai iya gani da idonsa: ba za ki ƙara taɓa atamfar akwati ba sai kin ɗinka abu biyar da ya yarda za ki iya fita da su. Ki fara da wandon barcin yara ko siket ɗin roba na 'yarki, in mace gare ki. Ranar da ya ga yaro sanye da abin da ba a kai wa tela ba, shi da kansa zai tambaye ki ko zare ya ƙare.

Yanzu keken. Baƙin Butterfly ɗin nan ƙirar ƙasar Sin ne, kuma alheri ne babba a garin da ba a da tabbacin wuta. Ɗinki ɗaya ya iya, miƙaƙƙe, amma shi ne kusan duk abin da riga da siket suke buƙata. Tunda ya daɗe a ajiye, ki kira mai gyaran keke ya duba shi sau ɗaya, ya share auduga da ƙurar da suka taru a ƙarƙashin allura, ya ga ko igiyar da ke juya shi ta saki. Ki sayi man keke na ainihi. Kada wata ta ce miki man gyaɗa ma yana yi; daskarewa yake ya zama danƙo, ya kama ƙarfen. Allura lamba 14 ita ce ta atamfa, 11 ta yadi marar nauyi, 16 ta mai kauri. Kafin ki cire tsohuwa ki duba ɓangaren da gefenta mai faɗi yake kallo, ki mayar da sabuwa haka, don allurar da aka sa a juye tsallake ɗinki take yi ko ta tsinka zare. In kuma kika ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu, kada ki shiga tonon ƙasa. Yawanci laifin zaren sama ne, ki zare shi gaba ɗaya ki sake bi da shi hanyarsa, da ƙarfen da ke danne yadi a ɗage.

Kwana uku na farko kada ki sa zare ma. Ki ɗauko tsohon littafin makaranta, ki riƙa bin layukan takarda da allura, har ƙafarki ta saba da juya keken ta wajenki ba tare da ya koma baya ba. Za ki ji kamar ɓata lokaci ne. Ki daure.

Yadin koyo kuwa, tsohon zanin gado ya isa. In babu, ki shiga Kofar Wambai wajen 'yan gwanjo ki sayi biyu, ki haɗo da zare, zif, fil da allin tela. Almakashi ki sayi mai kyau guda, ki ɓoye shi inda yara ba za su yanka kwali da shi ba, ke ma kada ki yanka takarda da shi.

A kayan jikinki siket za ki fara, don a nan ne lissafi yake a fili. Bari in gaya miki abin da nake zaton ya faru da naki. Kin auna inda ya fi faɗi a jikinki, kin raba, kin yanka daidai a kan lambar. Atamfa ba ta miƙewa. Ba ki bar wa jiki wurin motsi ba, ba ki kuma bar wa ɗinki abin da zai ci ba.

A ce wajen mazaunai, inda ya fi ko'ina faɗi, tef ya nuna inci 42. Ki ƙara 2 na sakewa, ya zama 44. Ki raba huɗu, 11 ke nan, don a ninke za ki yanka, kuma abin da ke gabanki a kan tabarma rubu'in jiki ne. Ki ƙara inci 1 na ɗinkin gefe. To 12 za ki sa wa alli, ba 10 da rabi ba. Wannan inci ɗaya da rabi da aka manta, in ya ninku sau huɗu, inci 6 ne cur, kuma su ne suka tsayar da siket ɗinki a cinya. Ƙugu ma haka: in 34 ne, rubu'insa 8 da rabi, ki ƙara 1 na dat (ɗan ninkin da ake ɗinkewa don ƙugu ya zauna), 1 na ɗinki, ya zama 10 da rabi. Daga layin ƙugu ki sauko kamar inci 8, nan ne layin mazaunai, ki haɗa su da lanƙwasa mai laushi, ba kusurwa ba. Gaba a kan ninki ake yanka shi ya fito falle ɗaya. Baya falle biyu ne, ki bar inci 1 a tsakiya saboda zif, mai tsawon inci 8 ko 9. Kuma ki sa wata ta auna ki, kina tsaye sosai, ba ki shanye ciki ba. Tef ba ya kai labari gidan kowa.

Kafin ki kai shi bakin keke, ki haɗa gefunan da allurar hannu, manyan taku, ki saka. Gwajin madubi ba ya wadatarwa. Ki zauna a tabarma irin zaman tahiya. Ki tsuguna kamar za ki hura wuta. Ki ɗaga ƙafa kamar za ki hau Adaidaita Sahu. Miƙaƙƙen siket mai tsawo har idon sawu, in ba tsaga, ɗaure ƙafa yake, tsaga kuma ba kowa ce take so ba, ni ma ba na so. Maganinsa ki buɗe shi kaɗan kaɗan daga mazaunai zuwa ƙasa, ki ƙara inci 3 ko 4 a kowane gefe a wajen baki. Ya fi sauƙin ɗinki, ya fi sutura. Mai fallaye shida da ake yayi, wanda yake kama gwiwa ya baje a ƙasa, ki bar shi tukuna. Yadi yake ci, kuma kuskure kaɗan a kowane falle sau shida yake taruwa.

In kin zo kan atamfa ta gaske, ki fara da mai araha daga Kantin Kwari, mai ƙananan zane da ba ya da sama da ƙasa. Turmi yadi 6 ne, kowane yadi inci 36, amma ki auna da kanki kafin ki tsara yanka, kada ki dogara da abin da aka rubuta a takardar jiki. Faɗinta wajen inci 45 ne ko sama kaɗan, shi ya sa ake ɗaukar tsawon siket daga baki zuwa baki, yadda ake ɗaura zani. Yadi ɗaya da rabi yakan ishi miƙaƙƙen siket, mai buɗewa ya ɗan fi haka. Ki cire ɗankwali tun farko ki ajiye gefe, in ba haka ba za ki gama ɗinki ki ga ba abin ɗaurawa. Mai auduga takan ɗan ja in ta sha ruwa, don haka ki jiƙa ta, ki shanya a inuwa, ki goge kafin yanka. In kina shakkar ko auduga ce, ki zaro 'yan zaruruwa ki kusanta su da ashana: auduga toka take zama, mai roba narkewa take ta dunƙule. Kuma kowane falle da kika yanka ki yi masa alama da alli a bayansa nan take, don wata atamfar ciki da waje kusan ɗaya ne, sai an haɗa a ga ɓari guda ya fi ɗan'uwansa haske.

Abu ɗaya da yake bambanta ɗinkin gida da na shago a ido shi ne guga. Duk layin da kika ɗinka, ki buɗe shi ki goge kafin ki ɗora wani a kansa, ko da dutsen gawayi ne. Bakin yadi na ciki kuma, tunda kekenki ba ya wibin, wato ɗinkin da ke hana bakin yadi warwarewa, ko ki kalmashe shi, ko ki tara ki kai shago a yi miki da 'yan kuɗi kaɗan. Ga ma dalilin leƙa shagon Yaya ba tare da kin je roƙo ba.

Riga ta fi siket rigima, saboda wuya da hannu. Wuyanki ya zame ne don a ninke kika yanka, kuma duk incin da kika ci a ninke biyu ne in an buɗe, sa'annan kalmasa ta ƙara cin nata. Ki fara da faɗin inci 3 daga ninki, zurfin gaba 3 ko 4, ki gwada. Ƙaramin wuya ana ƙara masa, babba kuwa sai dai haƙuri. Da kin yanka ki bi gefensa da layin ɗinki guda kafin ki yi ta ɗagawa kina ajiyewa, don wajen lanƙwasa saki yake yi.

A riga buba za ki fara, mai hannu haɗe da jiki, ba ramin hammata, ba zif. Guda biyu ko uku za su koya miki wuya. Bayan nan ki nemo rigar da ta fi kowace zama a jikinki cikin tsofaffin kayanki, wadda ta koɗe har kin daina fita da ita. Ki farke ta da reza a hankali, layi bayan layi, ki goge kowane falle, ki shimfiɗa a kan takarda mai kauri ki zana. Kin sami ma'aunin jikinki wanda babu bidiyon da zai ba ki, don mai bidiyo jikinta ta auna. Ki lura da kan hannun rigar da kika farke: gefen gaba ya fi na baya zurfin lanƙwasa. Ki yi musu alama, don in hannun dama ya tafi hagu rigar za ta riƙa jan ki baya ba ki san dalili ba. Gwajin riga kuma shi ne ki ɗaga hannu kamar za ki yi kabbara, ki miƙa kamar za ki ɗauko yaro. In ta biyo ki sama har cibiya, ramin hammata ya yi zurfi. In ta cije ki, ya yi kaɗan.

Kada ki sa ran rage kashe kuɗi a watannin farko, zare da zif da yadin da za ki ɓata za su cinye ribar. Kuma leshi, shadda, kayan anko da na Sallah, ki ci gaba da kai wa Yaya, da wuri, tun Rajab, ki ce mata, "Yaya, a sake auna ni, yaran nan sun sauya ni." Kin bar mata babban aiki da girmanta, kin ɗauke mata ƙananan da dama su ne suke kwana a ƙasan tari.

Atamfar lefen kuma kada ki jefar, kada ki yi tsumma da ita. Tunda riga da miƙaƙƙen siket kawai kika yanka, akwai sauran yadi. Siket ɗin da ya matse ana farke gefunansa biyu a sa masa ƙari, tsiri mai faɗin inci 4 ko 5 a kowane gefe, daga ragowar atamfar ko daga yadi marar zane mai kalar da ta shiga, har a ɗauka ado ne aka yi da gangan. Wuyan da ya yi faɗi ana zagaye shi da wani yadin a cike gurbin. Amma ba yanzu ba, kuma ba ke kaɗai ba. Ki ninke su tare da duk ƙyallayen da suka rage, har 'yan ƙanana, ki sa a leda guda. Ledar da za ki ajiye a gaban Yaya ke nan. In kin je kin dawo, ki rubuto mini abin da ta ce.